Shekarar da Aka Bar Mashiga a Toshe

Komadugu kogi ne mai tafiya ya dawo. Rabin shekara ba ya nan. Yashi ne fari fat, jakuna na birgima a tsakiyarsa, ƴan kasuwa na ƙetarawa Nijeriya ko takalmi ba su cirewa. Sai damina ta zauna sosai a can yamma, a garuruwan da ban taɓa gani ba, sannan labarinsa ya riga shi isowa: a ce ya wuce gari kaza, a ce jiya ya kwana gari kaza. Ranar da ya iso kuwa, bakinsa yakan taho a hankali kamar harshen saniya, yana lasar yashi, yana tura kumfa da karmami a gabansa. Ina yarinya nakan tsuguna in jira ya taɓa mini yatsun ƙafa. Na ɗauka gaisuwa ce, kuma ni kaɗai yake yi wa.

Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne da aka turo Diffa daga Damagaram. Mahaifiyata Babarbariya ce, ƴar wani ƙauye na bakin kogin, gabas da gari. Duk hutun makaranta can ake kai ni wurin kakata. A gidanmu Hausa ake yi, a gidanta Barbarci. Ni Barbarcina gurgu, ita Hausarta a karkace, amma ba mu taɓa rasa abin faɗa ba. Ƴar lakwal take ce mini, wato ƴar makaranta, ni kuwa in ce mata Kaka.

Ƙauyen ba daga kogin kai tsaye yake sha ba. A bayansa akwai wani kwari mai faɗi, shi ne tabkin gari, gonakin tattasai duk a kewayensa suke. Abin da ya haɗa tabkin da kogin wata hanyar ruwa ce da kakanni suka haƙa, ana ce mata mashiga. Idan kogi ya cika ya kai bakinta, sai ruwa ya bi ta ciki ya malale kwarin. Daga baya kogin ya janye ya tafi abinsa, tabki ya riƙe nasa har a gama tsinkar tattasai. Amma duk rani iska na cika mashigar da yashi. In ba a yashe ta ba, kogi sai ya zo ya wuce kamar baƙon da ya tarar da ƙofa a rufe.

Gonar Kaka a can wutsiyar tabkin take, inda ruwa ke isa a ƙarshe. Gadon mahaifinta ce. Tun da kakana ya rasu, da ita take ci, da ita take sauya zane, da ita take zuwa suna da biki ba hannu sake ba. Tana da ƴaƴa maza a garin, tana da suruki mai albashi a Diffa, amma ba ta taɓa aika wa kowa cewa hatsinta ya ƙare ba. Ita ce ma mai aikowa. Kowace shekara buhun busasshen tattasai na iso mana a bayan mota, ja wur, kuma ranar da mahaifiyata ta daka shi har maƙwabta sai sun yi atishawa.

Yasar mashiga aikin gayya ne. Da an ji kogi ya taso daga yamma, Bulama, wato mai garin, zai sa a buga ganga da sassafe. Kowane gida ya fitar da namiji da fartanya ko shebur. Mata ba su shiga ramin, nasu shi ne murhu da tulu. Kowace ta kawo mudun geronta, a jera tukwane a ƙarƙashin goruba, a yi burabusko da miyar kifi. Ana haƙa ana waƙa ana tsokanar juna. Wanda ya makara a tarbe shi da guɗa, a tambaye shi ko amarya ce ta ɓoye masa wando. Ba wanda ake biya. Ladan kowa shi ne ruwan da zai zo. Ni a lokacin ban san abin yana da wani babban suna ba. Na ɗauka biki ne kawai mai zuwa da lokacinsa, kamar Sallah.

Ina girma kogin na sauyawa. Kaka ta ce a ƙuruciyarta yakan daɗe har zafi ya shigo yana nan, yanzu kuwa ya makara da zuwa, ya yi sauri da tafiya. Wasu suka ce madatsun da aka gina can sama ne suka rage shi. Wasu suka ce ruwan sama ne ya janye ko'ina. Masu zuwa daga wajen Bosso suka ce tabkin Cadi kansa ya gudu ya bar kwale-kwale a kan tudu. Ta arewa kuma itatuwan da ke tare iska sun ƙare, yashi na zuwa ba mai ce masa tsaya. Mashigar da a da ake share mata baki kawai, yanzu sai an haƙa har ƙugu.

Ana cikin haka, a ƙarshen shekarun casa'in, furoje ya zo, irin ayyukan taimakon nan masu yawo da farar mota. Wanda ya jagorance su mutum ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya cire takalmi kafin ya hau tabarmar Bulama. Ya yi bayanin yadda hamada ke matsowa, yadda damina ta sauya a duniya baki ɗaya, ya ce dole jama'a su tashi su haɗa kai. Ya daɗe yana koya wa mutanen da suka gaji gayya daga kakanninsu amfanin aiki tare, su kuma suna gyaɗa kai, don baƙo ne. Sannan ya ce duk wanda ya shiga yasar mashiga bana za a ba shi shinkafa da mai. Shekarar yunwa ce, ba wanda ya ƙi. Ni ma na ci shinkafar nan, kuma ta yi mini daɗi.

Da zai shiga mota ya waiwayo ya ce: "Baɗi za mu dawo. Ƙauyuka suna da yawa, kayan kuma kaɗan ne. Inda muka tarar mashiga ta fi toshewa, nan za mu fara."

Na tabbata da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ya tafi ya bar maganar a garin kamar garwashi a cikin toka.

Shekarar da ta biyo baya ina lise, wato babbar sakandare, yajin aiki ya rufe makarantu, hutu ya zarce ba wanda ya san ranar komawa. Shi ya sa na ga abin daga farko har ƙarshe.

Kaka ta zuba irin tattasanta a bayan gida, kusa da rijiya, ta yi masa rumfar kaba. Ni ke ba shi ruwa safe da yamma. Ya tsiro lif, ƙananan kunnuwa kore shar, suna jiran ranar da za a kai su gona a dasa. Labari ya zo kogi ya taso. Muka kasa kunne. Ganga shiru.

Wata safiya Kawu, babban ɗanta, ya shigo gaishe ta. Ya tsuguna a bakin tabarma. Ta amsa gaisuwar a taƙaice, tana tsince tsakuwa a cikin gero.

"Kurma na zama ne," ta ce, "ko ɓera ya cinye gangar garin nan?"

"Iya, ana dai jira."

"Jiran wa? Kogi ya aiko ya ce zai makara?"

"Mutanen furoje. Ke ma kin ji da kunnenki. Inda ta fi toshewa nan za su fara. In muka yashe ta, me za su zo su gani?"

Kaka ta aje faifan. Ta dube shi, ta dube ni, kamar tana neman shaida.

"Ƴar lakwal, kin ji? Ashe adon yashi muke yi, baƙi za su zo kallo."

"Iya, ba abin dariya ba ne. Kin ga geron da aka samu bara. Je ki leƙa rumbuna. Shinkafar nan ita ta fitar da ƴaƴana daga damina. In muka haƙa a banza, ƙauyen gaba su kwashe, mu kuma mu tashi da ciwon baya."

"A banza," in ji Kaka, a hankali. "Ubanka a banza ya yi ta haƙa har ya mutu?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya yake yi ba. Na ga rumbun, na ga wuyan ƴaƴansa. Ba malalaci ba ne. Mutum ne da aka koya wa cewa in yana son a taimake shi, sai ya bar abinsa ya lalace tukuna.

Kaka ta yafa mayafi ta ce in ɗauko mata buta, muka nufi ƙofar Bulama. Tare suka taso, ta girme shi kaɗan, don haka ba ta tsaya dogon ladabi ba.

"Ka sa a buga ganga."

"Yaya, zauna mana. Gari ne ya yanke shawara, ba ni ba. Na aika Diffa, an ce suna nan tafe."

"Kai me ya dame ka? Gonarka a bakin tabki take, ko yawu aka tofa sai ta jiƙe. Tawa fa?"

Mutanen da ke zaune suka ƙunshe dariya. Bulama ya shafa gemu.

"Yaya, in na sa aka buga ba wanda ya fito, na zubar da girman gangar. Gobe ko gobara ce ba mai amsawa."

"To riƙe girmanta," in ji Kaka. "Ka dafa wa jikokinka."

Muka dawo. Kawu da kansa ya hau mota ya tafi biron furoje, wato ofishinsu, a Diffa. Aka ce masa motarsu na wurin gyara. Ya sake komawa, aka ce shugaban ya tafi taro Yamai, amma sunan ƙauyen na nan, ba a manta ba. Duk dawowarsa sai maza su kewaye shi a ƙarƙashin goruba, ya maimaita musu, su ce to, ai saura kaɗan.

Kogi ya iso. Na je na tsaya a cikin yashi kamar yadda na saba, ya taɓa mini ƙafa, amma a karon nan kunya na ji, kamar wadda baƙo ya samu ba ta yi shara ba. Ya yi ta hawa a hankali. Ya rufe rijiyoyin da mata suka haƙa a gadonsa, ya rufe hanyar jakuna, har ya kai bakin mashiga. Nan ya tsaya yana lasar tulin yashin, yana ɗan cin gefensa, ya kasa shiga.

Har yau in na tuna kwanakin nan sai in ji zuciyata na tafasa. Ruwan da ya rage, wanda kowa ke kukan ƙarancinsa, ya yi wannan doguwar tafiya, ya ratsa madatsu da rairayi, ya zo har ƙofarmu. Ga shi nan yana wucewa gabas, jaja-jaja, da kifinsa da komai. Ga maza kuma a inuwa, da shebur ɗin da furoje ya bar musu jingine a ɗaka, kunnuwansu na kan hanyar mota. Da an ji ƙugin inji sai kawuna su juya gaba ɗaya. Sai a ga motar ƴan kifi ce. Akwai waɗanda hankalinsu bai kwanta ba, na sani. Wani maƙwabcin Kaka ya fita da fartanya wata rana, aka bi shi aka dawo da shi, aka ce kada ya ja wa gari asara. A garin da a da wanda bai fito gayya ba shi ake yi wa dariya, yanzu wanda ya fito shi ne mai laifi.

Dashen Kaka ya wuce lokacinsa. Ya yi tsawo, ya matsu, ƙafafunsa suka siranta, wasu har suka fara fure a inda aka rene su. Ina zuba musu ruwa ina ba su haƙuri a zuci. Kaka ta daina zuwa bayan gidan.

Wata safiya muka je wanki bakin kogi. A jikin saiwar wata goruba da ke cikin ruwa sai muka ga zobe mai duhu, jiƙaƙƙe, a saman inda ruwan yake. Jiya ruwan na can, yau ya sauka. Ko yaro ya gani ya san ma'anarsa.

"Ya fara haɗa kayansa," in ji Kaka.

Ta bar wankin a nan. Na bi ta gida ina tambaya, ba ta kula ni ba. Ta tuntsurar da babban turminta, ta ce in ɗauko taɓarya. Haka ta dinga mirgina shi a cikin gari, tsohuwa a duƙe, turmi na gurnani a kan ƙasa, awaki na watsewa. Muka wuce ta gaban mazan da ke ƙarƙashin goruba. Ta kai shi har inda mashiga ta buɗe cikin tabki, ta tayar da shi, ta karɓi taɓarya ta fara daka.

Turmin da ba komai a cikinsa yana da wani irin kuka. Ba ya yin lugude mai daɗi irin na gero, wani amo ne mai rami, kamar ana buga ƙirjin mutum. Duk macen da ta taɓa daka ta san shi, kuma ba ta son jin sa. Ba a daɗe ba suka fara fitowa, wata da goyo, wata da ludayi a hannu. Suka leƙa cikin turmin.

"Iya, lafiya? Me ake dakawa?"

"Ba komai," in ji Kaka. "Abin da za ku daka baɗi ke nan. Na ce ku fara sabawa da sautinsa."

Ta miƙa mini taɓaryar, ta ce kada in tsaya. Ta ɗaure zane a ƙugu, ta ɗauki ƙwarya, ta gangara cikin ramin.

Na ci gaba da daka. Mace ba ta shiga mashiga. Ba wai an taɓa hanawa da baki ba ne, amma kowa ya san in mace ta shiga, ta faɗa wa duniya cewa gidansu ba namiji. Matan suka tsaya a sama suna kallon juna. Kaka ta cika ƙwarya ta juye a gefe, ta sake cikawa. Yashin na gangarowa yana mayar da rabin abin da ta kwashe.

Sai ga wata Bafulatana mai tallar nono, wadda rugarsu ke bayan tabkin, da ƙwaryarta a ka. Fulani da Barebari abokan wasa ne, ba abin da ba su faɗa wa juna. Ta tsaya ta riƙe baki.

"Kai, Barebari! Yau kuma tsofaffin mata ne mazan? Ina bayin nawa suka shige?"

"Suna can suna gadin inuwa," in ji Kaka daga cikin rami. "Wuce ki sayar da tsamin nononki."

"In wuce? Shanuna a ina za su sha da rani, a cikin hular Bulama?"

Ta sauke ƙwaryar, ta juye nonon a kwanon wata mai goyo, ta ce a ba yara. Ta tattare zane ta diro.

"Da waɗannan ƙafafun naki kamar sillen kara za ki haƙa?" in ji Kaka.

"Sillen kara dai ya shigo. Gafara can, baiwata, ki ga aiki."

Dariyar da aka yi ita ta karya abin. Wata ta sauka, wata ta bi ta. Aka ruga gida aka kwaso tasoshi, kwanoni, fartanyar shara, har da murfin tukunya. Muka yi layi, na ƙasa na cikawa, na sama na miƙawa. Daga ɓangaren tabki muka fara muna nufar kogi, kamar yadda maza ke yi, don a bar toshiyar bakin sai ƙarshe. Na bar turmin na shiga layi. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo, kafin la'asar ya fashe. A cikin yashin na yi ta tsintar ƙananan bawon katantanwa farare, na ruwan wasu shekaru da suka wuce, ina zubawa a bakin zanena ban san don me ba.

Kwanaki muka yi a haka. Aikin ba ya sauri. Ƙwarya ba shebur ba ce, kuma kowace sai ta koma ta ɗora tukunya. Wasu maza suka aiko a kira matansu, wasu matan suka tafi, wasu suka ce a ce suna zuwa. Wani ya tsaya daga nesa yana ɗaga murya: "Kun ɓata mana! In suka zo me za mu nuna musu?" Matan suka mayar da maganarsa waƙa, suna tambayar ko farar mota a tankinta za ta kawo ruwan. Kullum da safe kafin mu fara sai in zagaya in dubi saiwar gorubar nan. Zoben na ƙara faɗi.

Matar Kawu ta shigo layi ba ta nemi izinin kowa ba. Washegari da hantsi sai ga Kawu da kansa, da shebur a kafaɗa. Ya sauka cikin ramin, ya je har inda mahaifiyarsa take, ya zare ƙwaryar daga hannunta ya aje a sama.

"Iya, hau ki zauna."

"Motar ta iso ne?"

"Iya, don Allah hau."

Ta hau. Bayansa wasu suka biyo, ɗaya-ɗaya, kowa na kallon ƙasa kamar ya yar da wani abu. Da aka kusa gamawa sai muka ji ganga daga cikin gari. Bafulatanar nan ta ɗaga kai ta ce, "Sannu da zuwa, an gama suna sai ga mai ragon." Da gari ya taru gaba ɗaya, abin da ya rage bai kai yini ba. Wannan ma wani takaicin ne. Aikin da ya cinye mana fatar hannu, aikin da aka yi wata da watanni ana kewaye shi, ashe ɗan wannan ne.

Aka fasa toshiyar. Mata suka yi guɗa, ni ma na yi. Amma ruwan da a shekarun baya yake shigowa da ƙarfi har ƙugu, yana kayar da wanda bai kauce ba, wannan karon iya idon sawu ya shigo, siriri, kamar mai jin nauyin shiga. Ya yi ƴan kwanaki yana bi. Sannan kogin ya sauka ƙasa da bakin mashigar, ya ci gaba da tafiyarsa.

Tabki ya cika zuwa rabi. Gonar Bulama ta sha. Ta Kawu, da ke tsakiya, ta samu. Yawancin matan da suka haƙa sun dasa, kuma da ba a haƙa ba da ba wanda zai dasa ko tushe ɗaya. Na raka Kaka wutsiyar tabkin. Ƙasar a tsattsage take, fara, tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Daga inda muka tsaya ana hango ruwan can nesa yana walƙiya kamar bakin wuƙa. Ta daɗe tana kallo. Ta duƙa ta ɗauki ɓaraguzan ƙasa ta murje a hannu, ta kakkaɓe.

Kawu ya zo da yamma ya ce ta ɗauki rabin tasa gonar.

"Ƴaƴanka su ci me?" ta ce. "Tashi ka je."

Ta zaɓi mafi ƙarfi a cikin dashenta, ta dasa layi biyu a gefen mashiga, a kan laka da yashin da muka tara da hannunmu, wurin da ba na kowa ba. Tana ba su ruwa da ƙwarya daga ɗan abin da ya kwanta a ramin. Sauran ta rarraba wa matan da nasu dashen ya mutu da jira.

Aka buɗe makaranta na koma Diffa. Farar motar sai cikin sanyi ta zo, matar Kawu ce ta ba ni labari. Mutumin nan mai ladabi ya ga mashiga a haƙe, ya ji daɗi ƙwarai. Ya ɗauki hoto, ya ce wannan gari abin koyi ne, ya nuna zai iya tsayawa da ƙafarsa, don haka kayan za a kai inda aka fi buƙata. Aka kai wa wani ƙauye da ya iya jira har kogi ya tafi. Maza suka ce ai ga shi nan, mata sun ja musu asara. Akwai waɗanda suka daɗe ba su gaida Kaka ba. Abin haushin kuma, ta wata fuskar sun yi gaskiya: wanda ya zauna shi aka ba, wanda ya tashi aka yi masa tafi.

Daga baya na sha jin ana ba da labarin nan da daɗi, wai shekarar da mata suka ceci tabki. An ce tun daga lokacin in ganga ta makara, turmi ake ji. Ba na musu. Amma ni ba nan labarin ya tsaya mini ba.

A shekarar buhu bai zo mana ba. Da bazara ta yi tsanani, sai ga Kaka da kanta a ƙofar gidanmu, ita da ba ta son Diffa, ta ce ƙarar babura na sa mata ciwon kai. Ta zauna a ɗakin mahaifiyata. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan ƙullin tattasai, bai fi cikin tafi biyu ba, ta ce a yi haƙuri, sauran na iri ne. Ta tambayi lafiyar mahaifina. Ta tambayi karatuna, ta ce in nuna mata hannuna ta ga ko tabon ya ɓace. Ta yi maganar zafi, ta yi maganar wata da ta haihu, ta yi maganar akuyarta. Rana ta yi ta tafiya. Mahaifiyata na ta satar kallonta, don ta san ba wannan ya kawo ta ba.

Can da aka kira la'asar, ta gyara mayafi kamar za ta tashi. Ba ta dubi kowa ba, bangon ɗakin ta duba. Kuma ba da Barbarci ta faɗa ba, harshen da take yi da ƴarta tun tana goye. Da karkatacciyar Hausarta ta faɗa, kamar in ta ari harshen wasu maganar ba za ta zama tata ba.

"Hatsi ya ƙare."

Mahaifiyata ta tashi da sauri ta fita, don kada ta sa ta maimaita.